Terhemba Mai Sola, Wanda Ya Tsare Sanyin Allurar 'Yata

Kullum da safe, kafin 'yan acaɓa su cika titin Bukan Sidi, Oga Terhemba ya riga ya ɗaure galan biyu na ruwan batir a bayan babur ɗinsa, ya cusa tsumma mai laushi a aljihu. Da ƙaramin asibitin unguwarmu yake farawa. Ya goge gilasan sola, ya buɗe murfin kowane batir ya leƙa, ya duba ma'aunin sanyin firji. Daga nan ya wuce rijiyoyin burtsatse masu aiki da sola na ƙauyukan da ke hanyar Awe. Shekara shida ke nan yana haka. A ƙarshen Disambar nan ta 2010 zai ajiye aiki ya koma gona, domin idanunsa sun daina ganin ƙananan wayoyi.

Sunana Saleh, hatsi nake sayarwa a kasuwar Lafiya. 'Yata Ikilima tana da ciwon suga tun tana shekara tara. Sau biyu take allura kullum, maganin kuwa in zafi ya dake shi ya lalace, ko da ido bai ga canji ba. Wutar gidanmu takan yi kwana uku ba ta leƙo ba. Saboda haka kwalabenta suna cikin firjin asibitin, mai aiki da hasken rana. Tun daga lokacin, ko hadari na gani sai gabana ya faɗi.

Waɗanda suka kafa solar asibitin a 2004 sun gama sun tafi. Terhemba, ɗan Tibi mai cajin batirin mota, shi ya tsuguna ya koyi abin da kansa. Ya gane kafawa ita ce mafi ƙanƙanta a aikin. Gilashi da batir daga Legas suke zuwa, sai ya nemo direban da ya yarda a jera katifu tsakanin gilasai. Ƙarafan da ake ɗora su a kai, ya ba Abdulkahar mai walda na nan unguwar. Ruwan batir ba a samu a gari, sai ya je wurin Mama Jumai, wadda da can barasar ogogoro take dafawa, ya kai mata sabon duro ya ce ta riƙa tara tururin ruwa zalla. Yau da shi take ciyar da gidanta. In batir ya mutu kuwa, ba ya barin a yar da shi a juji, domin shanun makiyaya na lasa su mutu. Tarawa yake yi ya aika wa masu narka dalma.

Ranar da ba zan manta ba tana cikin Agustan 2007. Terhemba ya yi mako a Legas wurin sayen kaya. Na je da safe karɓar kwalba, sai Sista Usaina, ma'aikaciyar jinyar, ta tare ni a ƙofa.

"Baban Ikilima, firji ya mutu tun asuba. In ya wuce azahar a haka, ban ce a yi mata allura da su ba."

Kwalaben wata biyu ne a ciki, kuma a lokacin sai an je Jos ake samo su. Na kira Terhemba, ashe saukowarsa daga mota ke nan. Ko gida bai je ba. Ya auna batura ya ga babu wuta ko kaɗan, ya zagaya bayan asibitin, na bi shi.

Gilasan a lokacin ba su wuce ƙugun mutum ba. Muka tarar an shimfiɗa buhuna a kansu kaf, an baza agushi yana shan rana. Kaka Nana Hadiza, maƙwabciyar asibitin, tana tsaye tana motsa shi da hannu.

"Kaka, kwana nawa ke nan?" in ji Terhemba.

"Biyar, ɗana. Ƙasa a jiƙe take, nan kuwa zafi kamar tanda. Mun ɗauka teburin gwamnati ne."

"Wannan tebur rana yake ci, Kaka, kin ba shi agushi. Firji zai yi miya ne?"

"To da ka rubuta a jiki mana!"

"Kin iya karatu?"

"Ka ji ɗan banza! Kauce min in kwashe abina."

Ni ban yi dariya ba. Na fara ɗaga murya a kan tsohuwa, abin da har yau nake jin kunyarsa. Terhemba ya dafa kafaɗata.

"Malam Saleh, no wahala. Ihu ba ya cajin batir. Yarinya za ta yi allura yau."

Ya hau babur ya tafi shagonsa, ya kwance batura huɗu da yake sana'a da su, ya yi sawu biyu ya kawo. Kafin kiran sallar azahar firji ya fara ƙugi. Sista Usaina ta duba ma'auni ta ce magani bai taɓu ba. Shagonsa ya yi kwana tara a rufe kafin na asibitin su farfaɗo. Cikin kwanakin nan ya sa Abdulkahar ya ɗaga ƙarafan sama da kan mutum, ya kuma haɗa wa matan unguwa teburin shanya na kwano, don kada su rasa inda za su baza kayansu.

Terhemba, kai ne ka ga cewa matan nan ba mugunta suka yi ba, wurin shanya suka rasa. Kai ne ka raba aikin sola ga hannaye da yawa, har ya zama in ka tafi ba zai tafi da kai ba. Ba zan ɓoye maka ba, ina tsoron watan Janairu. Amma na ga Abdulkahar ya fara zagayen safe tare da kai, yana rubuta abin da kake faɗa, sai hankalina ya ɗan kwanta.

Matasan Lafiya, sola tana ƙaruwa a garin nan. Akwai abinci a ɗaukonta, da waldarta, da ruwanta, har da mushen batirinta. Ku je ku tsuguna kusa da mutumin nan tun bai tafi ba.

Na gode, Oga. Allah Ya ba gonarka albarka, Ya ƙara wa idonka haske. Ikilima ta cika sha shida, tana ajin ƙarshe na sakandare. Na tambaye ta abin da zan rubuta maka, ta ce:

"Baba, ka ce masa na gode. Amma ya daina kirana 'yar firji a gaban mutane, na girma."