Gawar da ta amsa sallama

Ina aji biyu a lise, babbar sakandare ta Magariya, aka shirya gasar wasan kwaikwayo da Ingilishi tsakaninmu da ƴan Dungas. Waɗanda suka ci za a kai su Damagaram. Ni kuwa duk yawona bai wuce garinmu Dogo-Dogo zuwa Magariya ba, don haka na ƙwallafa rai a kan tafiyar nan.

Malamin da ke koya mana Ingilishi, wanda muke kira Mushe, ya zaɓo wani tsohon wasa na sarakuna da takubba. Na so a ba ni sarki. Da ya saurari karatuna sau biyu, sai ya ce na fi dacewa da dogari. Dogarin nan magana biyu gare shi, daga nan a soke shi, ya faɗi ya kwanta har a gama. Wata guda muna gwaji. Mushe ya ce duk ajin ba wanda ya kai ni iya mutuwa, ni kuma na ɗauka yabo ne.

Da na je gida sai na cika baki. Na ce wa babana ni ne ginshiƙin wasan, in ba ni ba a yi. Ya ce to, madalla. Ban taɓa zaton zai bar noman geronsa ya zo ba.

Ranar gasa ɗakin taro ya cika, alƙalai uku a gaba, kowa da biro a hannu. Tun farko an ja kunnen jama'a, ko tari kada a yi. Na faɗi maganata biyu, aka soke ni, na zube yadda ya kamata. Ina kwance a siminti, ƙuda na yawo a hancina ban motsa ba, har na fara jin ƙanshin tashar Damagaram.

Sai na ji an turo ƙofa.

"Salamu alaikum."

Muryar babana ce. Ɗakin ya yi tsit. Ya sake yi da ƙarfi, wani ya ce masa shii, wasu ƴan mata suka yi ƴar dariya. Mutumin da in ya yi sallama a garinmu zaure guda ke amsawa, ga shi tsaye a bakin ƙofa ba wanda ya tanka. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ta ukun ya yi ta a hankali, na kuwa san halinsa, daga ita juyawa zai yi ya tafi.

"Wa alaikumus salam, Baba. Sannu da hanya."

Ban tsaya nan ba ma, sai da na tashi na durƙusa. Sarkin da ke kuka a kaina ya buɗe baki, Ingilishi ya gudu ya bar shi. Dariya ta ɓarke har da alƙalai. Ƴan Dungas suka tafi Damagaram, Mushe ya yi sati biyu bai dube ni ba, ƴan ajinmu kuma suka laƙaba mini Marigayi har na gama lise.

Da aka tashi na iske babana a gindin dogon yaro, kusa da ɗan kabu-kabun da ya kawo shi. Kunya ta hana ni ɗaga kai. Ya sa hannu yana kakkaɓe mini ƙurar simintin a baya.

"Ni dai ban ji ko kalma guda ba cikin abin naku," in ji shi. "Amma ɗaki cike da masu boko, mataccen ne kaɗai ya amsa mini."