Hajiya Kande Ta Zo Karɓar Maganarta

Har yau ban manta da ranar da Hajiya Kande ta taso tun daga Zongo ta shigo biro ɗinmu, wato ofishinmu, ta ce a mayar mata da maganarta ba. Ku sababbin ma'aikata da kuke damuna da tambayar me ya sa ake wahalar da ɗalibai da darasin Mushe Bio, ga amsarku a rubuce, don na gaji da maimaitawa.

Ni sakatariya ce a sashen manyan ɗalibai na makarantar koyon kasuwanci. Karatuna a sakandare ya tsaya, amma babu wanda ya kai ni sauri a keken rubutu, kuma ni kaɗai ce 'yar Zongo a ginin, don haka duk abin da ya shafi Hausa kaina yake faɗowa. Manyan ɗalibai su ne waɗanda suka gama karatun farko suka ci gaba. Kowannensu sai ya rubuta memuwar, wato littafin bincike, ya tsaya gaban malamai ya kare shi, sannan a ba shi takardarsa. Amma kafin ya fita kasuwa yana yi wa mutane tambayoyi, dole ya zauna darasin Mushe Bio har ya ƙare, ni kuma in buga masa tampo, wato hatimin makaranta. Ba tampo, ba fita.

Mushe Bio, wato Malam Bio a bakin masu Faransanci, dattijo ne, mutumin arewa, mai magana a hankali kamar yana tsoron kalma ta fashe masa a baki. Darasinsa ba lissafi ba ne. Yana koya musu su gaya wa mutum ko su wane ne da abin da za su yi da maganarsa. Yana hana su rubuta sunan kowa. Kuma in mutum ya ce ya fasa, a mayar masa da maganarsa, ko da an riga an buga ta. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Zamanin juyin juya hali muke, kowa kamarad ne, abokin gwagwarmaya, a baki, amma 'yan dwan, wato kwastan, ba su daina karatu ba, kuma memuwar a ɗakin karatu ake ajiye shi inda kowa zai iya ɗauka. Ɗalibai dai gunaguni suke yi. Sun ce ga darasin aƙida, ga noman gonar makaranta, yanzu kuma ga wa'azi, alhali su ciniki suka zo koya.

Wanda bai taɓa gunaguni ba shi ne Kojo. Siriri ne, daga unguwar Agla yake zuwa, kullum da riga ɗaya a goge. A layin gaba yake zama, kuma ladabinsa har haushi yake ba ni. Bincikensa a kan matan da ke cinikin atamfa ne, sai ya roƙe ni in kai shi wurin wadda za ta yarda ta yi magana. Na kai shi shagon Hajiya Kande, ƙawar mahaifiyata, wadda ta goya ni ina jaririya kuma ba ta bari in manta.

Kojo ya bi darasi sau da ƙafa. Ya faɗi ko shi wane ne, ya faɗi littafin da zai rubuta, ni ina fassarawa. Hajiya ta ƙare masa kallo ta ce, "Zuwaira, yaron nan ba ya cin abinci ne? A zubo masa tukuna." Daga ranar ta ɗauke shi ɗa. Duk daminar nan muna zuwa, tana magana yana rubutu. Ta faɗa masa yadda ta fara tallar zane a kai tana bin mahaifiyarta, da yadda take gane zanen da zai tafi tun yana cikin ɗauri. Da hira ta yi daɗi har ta ba shi labarin yadda kaya ke bin ruwa a kwale-kwale daga wajen unguwar Avotrou zuwa iyakar ƙasa, ba tare da sun gaisa da dwan ba.

Zancen suna kuwa babu wanda ya tayar. Kojo bai tambaya ba, ni ma ban ga abin tambaya ba. Wa zai ƙi a ɓoye shi?

Ana saura mako guda ya kare littafin, na gama buga shi, ya ce mu je mu nuna mata don godiya. Ta goge hannu ta karɓa, ta auna nauyinsa kamar turmin atamfa, ta ji daɗi. Hajiya ba ta karanta Faransanci, amma ta san siffar sunanta, don yana rubuce a allon shagonta. Ta yi ta buɗe shafi tana bi da yatsa.

"Ina nake?"

Na ce, "Ko'ina, Hajiya. Rabin littafin ke ce."

"Na ce ina sunana."

Ni ba na iya kwana-kwana. Na ce, "Babu. An rubuta wata 'yar kasuwa."

"Wata."

Kojo ya fara bayani da guntuwar Hausarsa ta kasuwa, cewa doka ce, don a kare ta. Ta rufe littafin ta miƙa masa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta nuna ɗaurin kayan da ke jingine a bango, kowanne da zanen tsani da shuɗin fenti a gefensa.

"Ka ga wannan? Lambar uwata ce, ni na gada. Kaya in sun sauka daga jirgi, lambar mai su tana jiki. Wanda ka ga an kankare wa lamba, kada ma ka tambaya, na sata ne. Ni na ba ka kayana da rana tsaka, da tuwo a gabanka, ka je ka kankare." Ta juyo kaina. "Ba kin ce in na fasa ana mayar mini ba? To na fasa."

A hanya na dubi Kojo. Na san lissafin da yake yi. Tallafin karatunsa a wannan shekarar yake ƙarewa. In aka cire Hajiya, abin da ya rage bai isa a tsaya gaban malamai da shi ba, kuma ba shi da halin sake shekara. Na ce masa ya bari ta huce, a kare littafin shiru, ai ba za ta sani ba. Ya dube ni kamar na zagi mahaifiyarsa. Ya ce da safe zai gaya wa Mushe Bio da bakinsa.

Bai ma samu dama ba. Da safe ina cire murfin keken rubutu sai ga zemijan, babur ɗin haya, ya tsaya, Hajiya ta sauko cikin leshi da awarwaro, ta shigo kamar ginin nata ne. Mushe Bio ya miƙe ya ce, "Sannu da zuwa, kamarad."

"Kamarad ɗin wa? Hajiya nake."

Ya yi murmushi ya gyara, ya ba ta kujerarsa. Yana jin Hausa daidai gwargwado, inda ya kakare in cika masa. Ta zayyana ƙararta tun daga farko, har da tuwon. Kojo yana tsaye a bakin ƙofa, littafin a ƙirjinsa.

Mushe Bio ya ce, "Hajiya, doka tana bayanki. In kin ce a mayar, yau za a mayar."

Na kasa haƙuri. Na ce, "Mushe, yaron nan fa shekararsa ce za ta tafi."

"Zuwaira, fassara aka ce ki yi."

Hajiya ta dubi Kojo, na ga ranta bai so ba. Ta ce, "Ni ban zo in kashe ɗan mutane ba. A sa sunana, a wuce wurin."

"Cikin masu sauraron littafin akwai babban ma'aikacin dwan da muka gayyato."

"Na san shi. Matarsa zanena take ɗaurawa. Ya zo ya kama ni mu gani."

Mushe Bio ya cire tabarau yana gogewa, ya daɗe, har na fara kaɗa ƙafa. Sannan ya ce, "Ke ba zai taɓa ki ba, na yarda. Masu kwale-kwalen fa? In sunanki ya fito, duk Zongo an san masu ɗaukar miki kaya. Su ma matarsa a wurinsu take sayen zane?"

Hajiya Kande ta dubi hannunta. Ta juya awarwaronta, ta juya. Can ta ce, "A karanta mini. Duka. In ji abin da na faɗa."

Nan muka yini. Ina karantawa da Faransanci a zuci ina mayarwa da Hausa, maƙogwarona ya bushe, ita ko gezau, sai da muka tashi salla muka dawo. Ta kama Kojo da kuskure: ya rubuta cewa mijinta ne ya sa ta a ciniki. Ta ce, "Alhaji? Allah ya jiƙansa, bai san bambancin atamfa da buhu ba. Gyara, ka sa uwata." Da muka iso babin ruwa ta saurara har ƙarshe ba ta katse ni ba, sannan ta ɗora tafin hannunta a kan shafin.

"Wannan ba nawa ba ne ni kaɗai. Bakina ne ya yi tsawo. A cire."

Kojo ya ce a hankali, "Hajiya, shi ne babin da ya fi kyau."

"Shi ya sa, ɗana."

Ba ta bar shi hannu wofi ba. Ta ce ya zo gobe ta ba shi wani a madadinsa, yadda mata ke raɗa wa sabon zane suna, da yadda sunan ke sayar da shi ko ya kashe shi a kasuwa. Mushe Bio ya yarda a sa sunanta da na mahaifiyarta, tunda da bakinta ta nema bayan ta ji komai. Ta karɓi alƙalaminsa ta zana tsani a shafin farko, ta danna har ya kusa huda takardar. Ni aka bari da sake buga rabin littafi cikin mako guda, kuma duk wanda ya wuce ta ƙofata a makon ya ji ra'ayina a kai.

Ranar karewa ina zaune a baya. Mutumin dwan ya yaba aikin, sannan ya tambaya, cikin fara'a, ta wace hanya duk atamfar nan ke barin gari. Kojo ya ce, "Kamarad, abin da aka ba ni shi na kawo." Ya ci, amma bai samu yabon da ya sa rai ba, malamai sun ce binciken bai kai iyaka ba. Gaskiyarsu, a bakin ruwa ya tsaya.

Tun daga shekarar Mushe Bio ya ƙara abu a darasinsa. Ba a ƙara ɓoye sunan mutum ko a bayyana shi sai an tambaye shi, kuma sai an koma an karanta masa abin da ya faɗa da harshensa kafin a buga. Shi ya sa kuke ganina a kan zemijan da memuwar a cinya ina zagaye kasuwanni, ba yawo nake ba.

Hajiya kuwa duk lokacin da na leƙa shagon sai ta tambaye ni ko littafinta yana tafiya. Na ce mata ba sayarwa ake ba, yana ɗakin karatu a kan kanta. Ta girgiza kai ta ce, "Kaya a jibge. A makarantar ciniki."

Abin da na koya a aikin nan ke nan. Maganar da ɗalibi ya kwaso a kasuwa ba tsintuwa ba ce, tana da mai ita, wani lokaci ma masu ita sun fi wanda ya faɗe ta yawa. Mu a biro mun iya yanke wa mutane abin da zai kare su ba tare da mun tambaye su ba, su kuma 'yan kasuwa in hira ta yi daɗi sukan ba da har abin da ba nasu ba. Sai an zauna an karanta, kowa ya ji. Don haka in ɗalibi ya zo muku yana sauri, yana cewa ku buga masa tampo zai zauna darasin daga baya, ku turo mini shi. Na fi shi sauri, kuma na zauna.