Ranar da Motata Ta Gudu da Bazawarar Baba

Motata ta farko ba ta da silo. Ga wanda bai taɓa riƙe tsohuwar mota ba, ga bayani: muddin ƙafarka na kan totur tana ta ruri lafiya lau, amma da ka ɗaga ƙafa don ka taka birki, sai ta yi tari ta mutu, ko a tsakiyar titi ne. Batirin kuma ya gaji da duniya, in ka murɗa makulli sai dai ka ji ƙas-ƙas-ƙas. Don haka in ta mutu, sai turi. Ta mutu mini a shataletalen tsakiyar Lafiya. Ta mutu a ƙofar ofishinmu ana tafka ruwa. Ta mutu a bakin kasuwa a gaban wata tirela, direban ya leƙo ya zage ni tas, har da kakannina na Barno da ban taɓa gani ba. Ni kuwa ba a zagina in yi shiru. Na fito na rama son raina, sannan na roƙe shi ya sauko ya taya ni turi.

Makanikena ya ce fulogi ne, aka canza. Ya ce man bumburutu na sha, na daina sha. Daga ƙarshe ya goge hannu da tsumma ya ce, "Oga, motar nan hali gare ta, sai dai ka koyi zama da ita." Matata ta rantse ta gwammace okada, tun ranar da ta tura motar da sabon leshi a hanyar gidan suna. Maƙwabtanmu na Akurba kuwa, in na tsaya na ce su shigo in rage musu hanya, sai su ce, "Mun gode, sauri muke yi." Abin yana ƙona mini rai, wallahi, don ni dai ina son motata.

Mutum ɗaya ne bai taɓa raina ta ba, wato dattijon da katanga ta raba gidanmu da nasa. Baba muke ce masa. Ɗan ƙabilar Eggon ne, manomin doya, dattijo a cocinsu. Matarsa ta rasu da daɗewa, 'ya'yansa duk sun watse wajen neman abinci, shi kaɗai ya rage a gidan da kajinsa. Da yamma nakan hango shi a tsakar gida yana hura wuta da kansa, hayaƙi na sa shi hawaye, ya dafa doya ya ci da manja shi kaɗai. Matata takan aika masa da miya, ya maido kwanon da gyaɗa a ciki. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba, amma abin yana ba ni tausayi.

Wata Juma'a da la'asar ya same ni ƙarƙashin mangwaro ina wanke motar. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi lafiyar yara, ya tambayi farashin taki, alhali ya san ban taɓa sayen taki ba. Can ya sassauta murya ya ce, da irin Hausarsa, "Yarona, mota naka zai iya kai mutum Shabu gobe?"

Na ce, "Baba, zuwa Shabu ba wuya, okada ma kai ka za ta yi. Me ke Shabu?"

Ya dubi ƙasa. Dattijo mai furfura, sai ga shi yana wasa da yatsun ƙafa cikin ƙasa. Ashe akwai wata mata a can, ita ma mijinta ya rasu, Eggon ce kamarsa. Yana sonta da aure, bai taɓa faɗa mata ba. Kuma ya ji a coci cewa wani ɗan fansho, tsohon ma'aikaci, ya fara zuwa gidanta da mota. Ya ce, "In na je da okada, ƙura a kai, shi ya zo da mota, wa za a saurara? Na tsufa, yarona. In wannan ya wuce ni, ba na sake nema."

Na so in yi dariya, amma maganarsa ta ƙarshe ta hana ni. Na gaya masa gaskiya: motar nan mutuwa take yi ba sallama, kuma in ta mutu wanda ke ciki shi ke turi. Ya girgiza kai ya ce, "Ko ya mutu, mota ne."

Washegari da hantsi ya fito, na kusa ban gane shi ba. Kwat baƙa ta zuwa coci, hula, da takalmi sau-ciki da ɗansa ya aiko masa, wanda kana ganin tafiyarsa ka san matse shi yake yi. Ya cika but ɗin motar da zaɓaɓɓiyar doya har ya ƙi rufuwa, muka ɗaure shi da igiya, ya cusa wani jan zakara a gefe, kansa a waje. Matata ta leƙo ta katanga ta yi guɗa ƙasa-ƙasa, Baba ya yi kamar bai ji ba. Ya ƙi zama a gaba, ya shige baya ya harɗe, wai haka manya ke yi. Na ce, "To, ranka ya daɗe, yau ni ne direba."

Kullum a kan gangaren ƙofar gida nake ajiye motar, don haka sakin birki kawai na yi, ta gangara ta tashi. Muka ratsa gari ina addu'a a zuci. Duk inda ya kamata in tsaya, sai in taka kuloci in yi ta ba ta wuta, tana ihu, mutane na waiwaye. Baba kuwa ɗaga musu hannu yake yi ta taga. Muka hau titin Akwanga, muka kai Shabu, ba ta yi ko tari ba. Har na fara yi mata kirari a raina.

Daga babban titi muka sauka wata siririyar hanya ta jar ƙasa, gonakin rogo hagu da dama, ga damina ta jiƙa ko'ina. Baba ya nuna mini wasu rufin kwano can gaba ya ce nan ne unguwarsu. Sai ga wani kwari da ruwa ya kwanta a ciki. Dole na rage gudu. Tari ɗaya, tari biyu, shiru. Na murɗa makulli, ƙas-ƙas-ƙas. Na doki sitiyari na ce, "Ke dai ba ki da mutunci! Duk faɗin Lafiya ba ki ga wurin mutuwa ba sai nan?"

Babu kowa a hanyar. Na juya na ce, "Baba, sai haƙuri, ka san ƙa'ida." Ya buɗe ƙofa ke nan, ya sa ƙafa ɗaya a waje, sai na ga ya janye ta da sauri ya zame ƙasan kujera, ya ja hula ya rufe fuska. Na duba madubi. Wata mata ce ke tahowa daga bayanmu, doguwa, kakkaura, da daro cike da rogo a ka da fartanya a kafaɗa.

Na ce, "Baba, ita ce?"

Ya ce, "Ka ce ba kowa a ciki."

Ta iso, ta sauke daron a bakin hanya, ta tsaya tana kallon zakaran da ke leƙo ta daga but, shi ma yana kallon ta. Sannan ta zagayo ta tagata. "Sannu, ɗana. Ya lalace?"

Na ce, "Sannu, Mama. Turi kawai take so."

Ta leƙa baya. Mutum mai kwat a naɗe ƙasan kujera ba ya ɓoyuwa. Na ga gefen bakinta yana motsi, tana danne dariya. Ta ce, "A'a, Baba, kai ne? Ba ka da lafiya ne, ko wani abu ya faɗi kake nema?"

Baba ya taso a hankali ya gyara hula ya ce makullinsa ne ya faɗi. Ta ce, "To in ka samu, fito mu tura wa yaron nan."

Haka suka jeru a bayan mota, kafaɗa da kafaɗa, doyar neman aure a gaban hancinsu. Na leƙo na yi musu bayani yadda nake wa kowa: in ta tashi ba zan iya tsayawa ba, zan dai rage gudu, kowa ya buɗe ƙofa ya faɗo. Na sa giya ta biyu, na taka kuloci, na ce, "Bismillah, mu je!"

Kai, matar nan akwai ƙarfi! Na sha turi a hannun ƙarti, ban taɓa jin motar ta fita daga kwari da sauri haka ba. Na saki kuloci, ta yi tsalle, ta yi ruri ta kama. Na daka tsawa, "Ku shigo! Ku shigo!" Mama ta tattare zane ta sheƙo, ta fizge ƙofar gaba ta faɗo kusa da ni tana haki. Na duba madubi ina jiran Baba. Ga shi can tsaye a kwari, ƙafa ɗaya da safa, takalmin ya maƙale a laka, yana ɗaga hannu yana ƙara nisa.

Innalillahi! Na kawo mutum neman aure, ga ni ina gudu da matar na bar shi a hanya. In na tsaya, motar ta mutu. Wurin juyawa babu, rogo ne ta ko'ina. Mama ta waiwaya ta ga abin da na gani, ta kama ciki ta fashe da dariya har tana dukan gaban motar. Ni kuwa gumi nake yi, don na san abin da ke zuciyar dattijon nan a wannan lokacin. Abin da ya fi tsoro a duniya shi ne ya zama abin dariya a gabanta, ga shi motata ta yi masa.

Ta ce akwai filin makaranta a gaba inda zan juya. Na ga in ban yi magana yanzu ba, shi ke nan, Baba ba zai sake ɗaga ido ya dube ta ba. Na ce, "Mama, don Allah kada ki yi masa dariya in mun koma. Doyar nan da zakaran naki ne. Wajenki ya zo. Mutumin kirki ne, ni maƙwabcinsa ne, na san shi ciki da waje."

Ta share hawayen dariya da bakin zane. Ta ce, "Ɗana, ni za ka gaya wa? Doya nake sayarwa a kasuwa. Mutumin nan duk ranar kasuwa sai ya zo ya sayi doya a wurina. Manomin doya! Wanda rumbunsa ya fi nawa cika! Ya tsaya ya yi ta juya doya guda ɗaya, ya ce rana ta yi zafi, in ce ta yi zafi, ya biya ya tafi. Shekara da shekaru. Ka ɗauka ni makauniya ce?"

Na ce, "To, mai motar nan fa da ake cewa yana zuwa?"

Ta yi tsaki. "Wannan? Ya zo ya tsaya a ƙofar gida yana danna hon, ko fitowa ba ya yi. Ni fasinja ce?"

Muka iso filin. Na karya sitiyari zan juya, ƙafata ta ɗan saki totur, motar ta yi abin da ta saba. Wannan karon ko zaginta ban yi ba. Mama ta buɗe ƙofa ta sauka, ta gyara ɗaurin zane, ta kama hanyar da muka fito.

Na hau kan bonet na zauna ina hange. Can nesa sai ga Baba ya ɓullo yana tahowa a hankali. Takalman duka biyu a hannu, wandon ya naɗe zuwa gwiwa, kwat ɗin nan ta coci duk jar laka, ga daron rogonta a kansa, ga fartanyarta a kafaɗa. Ashe bai iya barin kayanta a bakin hanya ba. Suka haɗu a tsakiya. Na zaci za ta karɓi daron, ba ta karɓa ba. Suka tsaya suna magana da yaren Eggon, wanda ko a kusa nake ba ji zan yi ba. Ita ce ta fara, da hannu tana nuna shi tana nuna hanyar kasuwa. Shi kuma ya daɗe kansa a miƙe saboda kayan, idonsa a ƙasa. Sannan ya yi magana, ya yi ta yi, abin da ban taɓa ganin Baba ya yi ba. Hankalina ya tashi, na rasa faɗa ne ko shiri.

Da suka iso wurina, ita a gaba shi a baya, na duro daga bonet na dubi fuskarsa. Idanunsa sun yi ja, bakinsa ya ƙi rufuwa don murna.

Mama ta kwance igiyar but ta ciro zakaran ta rungume, ta ce za ta turo mutane su kwashi doyar su tura ni. Ta yi taku biyu ta juyo.

"Ɗana, ranar biki ka zo, kai da matarka. Amma kada ka kuskura ka ɗauko shi a motar nan. Jiran da na yi wa dattijon nan ya ishe ni, ba zan sake tsayuwa a ƙofar coci ina jiran sa ba."