Shekarun Meram a Sansanin Masunta

Har ta kai shekara arba'in a duniya, Meram ba ta taɓa kwana inda babu katanga ba. A Nguru aka haife ta, a wani lungu bayan tashar jirgin ƙasa. Nan ta yi wayo, nan kuma aka kai ta ɗakin Saleh, ɗan dako mai lodin gyaɗa da fatu a tarago. 'Ya'ya huɗu suka haifa, ɗaya ce ta rayu, Safiyatu, wadda ta yi aure aka tafi da ita Dapchi. Daji kuwa, Meram ba ta san shi ba sai a bakin masu kawo itace.

A shekarar 1964, ana tsakiyar kakar gyaɗa, tarin buhuna ya zame ya danne Saleh. Bai mutu nan take ba. Wata biyu ya yi a kwance yana tofar da jini, ita ke juya shi, ita ke ba shi kunu a baki, kafin Allah ya karɓi abinsa. Da ta fita takaba, 'yan'uwansa suka sayar da gidan. Mijin Safiyatu ya aiko ta koma wajensu, ta ce a gaishe shi, amma ba za ta iya zama gidan suruki tana haɗa ido da shi safe da yamma ba.

Akwai wata maƙwabciyarta, Yakaka, Babarbariya doguwa mai jajayen haƙora, wadda ta girme ta da kamar shekara goma sha biyar. Kowace shekara da zarar damina ta ɗauke sai ta ɓace, ba a sake ganinta sai bazara, ta dawo da kwandunan bandar kifi, jikinta duk warin hayaƙi. Ita ce ta shigo wata rana da hantsi ta tarar da Meram tana ɗaure kayanta ba tare da ta san inda za ta kai su ba.

"Kin iya hura wuta?" in ji Yakaka.

"Haba Yaya, wace mace ce ba ta iya hura wuta ba?"

"To shi ke nan, sauran zan koya miki. Jibi za mu tafi ruwa. Ki ɗauko tabarmi uku, tukunya ɗaya, wuƙa, da bargo in kina da shi. Tasoshin nan da fantimoti ki ba wani ajiya, babu mai ɗaukar miki su."

Babbar mota ta sauke su kusa da Gashuwa, daga nan kwalekwale ya shiga da su fadama. Meram ta ƙanƙame gefen jirgin har yatsunta suka ƙage. Ko'ina ta duba ruwa ne da ciyawa, sai masunta kwance bisa manyan goruna suna iyo da ƙafa. Da la'asar suka isa sansanin: wani tudun yashi mai goruba biyar da bukkoki kamar ashirin. Shugaban wurin, wani dattijon Bade da ake kira Babayo, ya dubi ƙafafunta masu lalle ya ce wa Yakaka, "Wannan 'yar tasha ce, anya za ta yi mako?"

"Za ta yi," in ji Yakaka. "Ba ta da inda za ta koma."

Meram ta hango wani wuri mai laushin ciyawa a ƙarƙashin giyayya, ta ce can take so. Yakaka ta ja ta zuwa wurin, ta tona ƙasa da ɗan yatsa, ta nuna mata danshi, sannan ta nuna mata kashin tsuntsaye fari fat a kan ganye. Ta mayar da ita kan tudu, inda babu inuwa ko kaɗan. Suka sari tsumagu, Yakaka ta nuna mata yadda ake kafa su a da'ira, a lanƙwaso kawunansu su haɗu, a ɗaure da kaba, a lulluɓa tabarmi. Ta ce ƙofa ta ba iska baya. A share yashin kewaye tas, don in maciji ya ratsa a ga sawunsa da safe. Gari da gishiri a rataye su, kada a ajiye a ƙasa. Kafin magariba a tara busasshen kashin shanu a turara saboda sauro. Takalmi kuma a kakkaɓe shi kafin a sa ƙafa.

Ɗaurin Meram na farko ya kwance sau uku. Kaba ta yayyanka mata hannu. Da aka gama, bukkar ta karkace kamar mai ciwon wuya, matan sansanin suka yi ta dariya, ita ma ta yi, karo na farko tun rasuwar Saleh. Amma da asuba Yakaka ta leƙo ta same ta zaune a tsakiyar bukkar, lulluɓe da bargo, wuƙa a hannu. Ba ta runtsa ba. Ta ce tabarma ba ɗaki ba ce, duk abin da ya yi motsi a waje ji take kamar a jikinta yake tafiya.

Aikinsu shi ne banda. Masunta su kawo tarwaɗa da karfasa, mata su feɗe, su lanƙwasa, su jera a kan ragar itace bisa rami, su sa wuta mai hayaƙi a ƙasa. Yakaka ta ce mata ta haƙa raminta taku goma daga bukka. Meram ta haƙa a taku huɗu, don tana tsoron nisa da ƙofarta. Kwana goma sha biyu da zuwanta, da rana tsaka, ta tafi wanke kifi a bakin ruwa, man tarwaɗa ya ɗiga a garwashi, wuta ta tashi, iska ta miƙa ta ga tabarmi. Kafin ta iso da gudu, bukkar ta zama toka. Bargon ya tafi, zannuwanta biyu sun tafi, da rigar Saleh guda ɗaya da ta ɓoye lokacin rabon kaya.

Ta durƙusa a kan yashi tana tona tokar da hannu. Yakaka ta tsaya a kanta, ba ta ce na gaya miki ba. Sai da ta bari ta yi kukanta ya ishe ta, sannan ta ce, "Tashi ki wanke fuska. Bukkata ta ishe mu. Ni kuma minshari nake yi, babu dabbar da za ta matso."

Daga ranar bukkarsu ɗaya, shekara takwas. Meram ta iya ɗaurin da ba ya kwancewa, ta iya gane itacen da ke ba kifi ja da wanda ke sa shi ɗaci, ta koyi gaisuwa da Badanci da ciniki da Barbarci. In ruwa ya ja baya sansani ya tashi, cikin rabin yini sukan kwance bukka su sake kafa ta a wani tudun. Da bazara su koma Nguru, su kama ɗaki ɗaya a gidan Kellu, 'yar ƙanen Yakaka, su yi damina a can. Mutane da yawa sun ɗauka uwarsu ɗaya.

Hayaƙin banda ba ya barin ido. Na Yakaka ya fara da hawaye, ya koma hazo-hazo, har ta kai sai ta shafa kifi da hannu take sanin ya yi. Meram ta karɓe wutar gaba ɗaya, ta bar mata fiɗa, don wannan ko ido a rufe Yakaka ta fi kowa sauri.

Sai fari ya zo. A 1972 ruwan fadama bai kai rabin inda ya saba ba. Shekarar da ta biyo, tudun da suke zuwa da kwalekwale da ƙafa aka je shi, ƙasa ta tsattsage, goruna suna kife babu mai taɓa su. Mutanen Machina da Kumagannam suka yi ta gangarowa Gashuwa da Nguru da ragowar dabbobinsu. Babayo ya tara jama'arsa ya ce shi kam zai bi ruwa zuwa tafkin Chadi, mai zuwa ya shirya.

A lokacin Yakaka ba ta gani sam. Suna zaune a ɗakinsu na gidan Kellu, abinci sau ɗaya a yini, wani lokacin dusa. Meram ta gaya mata za ta bi su Babayo.

"Ki bari sai baɗi," in ji Yakaka.

"Yaya, in na zauna me za mu ci? Kellu ma da 'ya'yanta take fama."

"To ki tafi da ni. Ina iya fiɗa."

"Kwana uku ne a bayan mota, Yaya. Ba za ki iya ba. Wata huɗu kawai, kafin ruwan farko na dawo."

Yakaka ta lalubo wuƙarta ta fiɗa daga ƙarƙashin tabarma ta miƙa mata, ta ce ta fi ta Meram kaifi. Ranar tafiya ba ta fito rakiya ba, ta juya fuska ga bango ta ce kanta ke ciwo.

A Chadi an sami kifi, irin wanda Meram ba ta taɓa gani ba. Wata huɗu ya cika, Babayo ya ce a ƙara ɗaya tunda ana samu, ta yarda. Da suka tashi dawowa ruwan sama ya riga su, motar ta kafe a laka kwana tara. Meram ta ware wani ƙaramin kwando na tarwaɗa masu mai, waɗanda ta gasa a hankali yadda Yakaka ke so, ta riƙe shi a cinya duk tsawon hanyar.

Kellu ce ta tare ta a zaure. Ba ta amsa sallamar da ƙarfi ba, ta karɓi kwandon ta ajiye, ta riƙe mata hannu biyu.

"Yau kwana goma sha ɗaya da rasuwar Yakaka," in ji ta. "Zazzaɓi ne, bai yi mako ba. Tun da aka yi ruwan farko kullum sai ta sa an kai ta ƙofar gida. In ta ji mota ta tsaya sai ta ce a duba mata."

"Ta bar mini magana?"

Kellu ta girgiza kai. "Ta dai ce kada a ba kowa ɗakin."

Meram ta shiga ta zauna a kan tabarmar har aka kira la'asar. Da ta fito, ta ce a raba kifin kwandon sadaka, ita ba ta ɗanɗana ba.

Ta sake zuwa Chadi sau biyu, amma ba ta ƙara haɗa bukka da kowa ba, kuma masu zama kusa da ita sun ce ba ta cika magana ba. A shekara ta uku tari ya kama ta, idonta na hagu ya fara hazo. Safiyatu ta zo da kanta, wannan karon ba ta nemi shawararta ba, ta ɗaure mata kaya ta tafi da ita Dapchi. Mijin ya gina mata ɗaki a bayan gida mai ƙofarsa daban, don kada ta takura. A nan ta rasu cikin azumin 1978, jikokinta biyu mata suna gefenta.