Zayyanar Allon Sauka da Idon Matata

Shekarar da yanar ido ta fara rufe mini gani, a ita ce matata ta shiga ajin manya a nan Anka, tana koyon Turanci. Takan zauna gindin darbejiya tana nanata sunayen launuka, ba fari da baƙi ba, irin waɗanda ake samu in an gauraya biyu. Ina jinta daga zaure kamar kukan kurciya daga nesa.

Jikanmu na fari ya kusa sauke Alƙur'ani. Tun kakana, a gidanmu ba a ba wani zayyanar allon sauka. Mai gida ke yi da hannunsa. Na jera ƙananan kasake na tawada, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, sai na ga duk sun zama toka ɗaya. Hannuna ya san layi, amma ban san me nake ɗiba ba. Na ajiye alƙalami.

Ta zo ta tsaya a kaina.

"Malam, ka tsoma cikin shuɗi, ka koma cikin ɗorawa. Ka haɗa su."

"To mi ya fito?"

Ta faɗi wata kalmar Turanci mai kama da atishawa.

"Yarhamukillah," na ce. "Faɗa mini da abin da na sani, 'yar boko."

"Tsoho da baki! Tsaya in duba."

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, a hankali, kamar ganyen gero ne a fadamar Gummi, da safe, ranar da muka tsallaka gulbi a jirgi za mu gaida Inna. Wallahi sai na gan shi, har da raɓar.

Haka muka yi aikin. Ita ke riƙe kasko, ta fara faɗin sunan da Turancinta don kada ya ɓace mata, sannan ta ba ni shi: jan ƙasar Bagega bayan ruwan sama, wuyan zabo, bayan saniyar Fulani mai roɗi-roɗi. Ni kuma ina ja, ina bismilla.

Ranar sauka yaron ya ɗaga allon a gaban malamai. Haske kawai na gani yana motsi. Na ji wani dattijo ya ce, "Masha Allah, koren nan fa?" Matata daga bayan zana ta yi gyaran murya.