Ludayina a Cikin Inji

Tun shekarar da aka kawo ni gidan nan na Azare nake rigima da maigidana a kan kayan kicin. Bakanike ne, kuma wurin aikinsa inuwar dalbejiyar da ke bayan katangarmu ce, daidai tagar kicin ɗina. In na ɗaga kai daga tukunya, ƙafafunsa kawai nake gani, don sauran jikin kullum yana cikin wata mota.

Abin da ya fara ɗauke mini ludayi ne, na ƙarfe mai dogon hannu, cikin kayan aurena. Na birkice gidan nan kaf ina nema, yana zaune yana cin tuwo kamar bai san zancen ba. Sai da na leƙa taga wata rana na hango shi a hannunsa. Ya yanke kan ya yar, ya lanƙwasa hannun gida biyu, ya kai wa mai walda ya manna masa soket a baki, wato ƙarfen da ake kwance fulogi da shi. Na ce, "Malam, ludayina ne wannan?" Ya ce, "Da can." Ranar ko abinci ban zuba masa da fara'a ba.

Daga nan kuma ba abin da ya tsira. Ƙaramin madubina na jaka ya koma kan wata doguwar waya. Rediyona ya yi shiru, ashe maganaɗisun cikinsa aka cire don ɗauko noti in ya faɗa lungu. Tiyon da nake tara ruwa da shi kuwa kullum gajarta yake yi, har ya daina kaiwa bakin randa. Duk faɗan da zan yi, amsarsa ɗaya ce: "Aro na yi, zan dawo miki da su." Na ce ya dawo da su kafin in mutu.

Dalilin wannan ɓarna wasu motoci ne masu fulogi shida. Uku suna gaba, kowa na iya kwance su. Ukun bayan kuwa sun maƙale a jikin bangon da ya raba inji da direba, inda hannu ba ya shiga sai an sauke rabin saman injin. Shi ba ya saukewa. Da hannun ludayina yake zagayawa ya kai gare su, da madubina yake leƙa ramin. Saboda haka ne direbobin tasha suke wuce gareji nawa su zo ƙarƙashin dalbejiyarmu.

Ya taɓa nuna mini yadda ake mayar da fulogi, wata rana da ya ga fushina ya yi yawa. Ya cusa kan fulogin a guntun tiyona, ya zura shi ramin, sannan ya fara murzawa baya, ba gaba ba. Ya ce in riƙe. Na riƙe, ya ce in ci gaba da juyawa a hankali. Sai na ji wani ɗan motsi a yatsuna, ƙas, kamar an taka ƙwayar gero. Ya ce, "To, haƙoran sun hau kan juna ke nan, yanzu sai ki yi gaba." Ya ce jikin injin ya fi fulogin laushi, in fulogin ya shiga a karkace sai ya cinye haƙoran ramin, shi ke nan an kashe wa mutum mota. Ido ba ya ganin wurin, in ji shi, yatsa ne kaɗai ke sani. Na ce to, yatsan naka ya saya mini tiyo.

Ni na fara lura da abin da ke damun hannunsa, kafin shi ya yarda. Na miƙa masa kofin shayi na silba wanda ni da tsumma na ɗauko shi saboda zafi, ya karɓa da hannu ya riƙe yana hira. Wata rana kuma ya dawo daga masallaci da takalmi ƙafa ɗaya, bai san ɗayan ya zame ba. Na tasa shi gaba sai asibiti. Suka ce ciwon suga ne, ya daɗe a jikinsa, har ya taɓa jijiyoyin hannu da ƙafa. Na tambayi likitan ko jin zai dawo. Ya ce abin da za a iya yi shi ne a hana shi ƙaruwa. Na fahimci amsar, shi ma Malam ya fahimta, muka hau keke mai ƙafa uku muka dawo gida.

Na yi iya yina. Na raba shi da shayi mai sukari, na koma tuwon alkama da zogale har yara suka fara ƙorafi. Magani bai taɓa tsallakewa ba. Amma yatsun nan sai ƙara mutuwa suke yi. Ina kallonsa ta taga yana murza tiyo baya, yana murzawa, ya wuce wurin bai ji ba, ya sake zagayowa. Aikin da yake gamawa kafin ruwan tuwona ya tafasa ya koma cin rabin yini. Tsoro ya kama ni, don mutumin nan ban san shi da wani abu ba in ba wannan aikin ba.

Rannan ya shigo kicin ya tsaya yana sosa ƙeya. Ya ce, "Ko za ki ba ni maburginki?" Tun da muke, bai taɓa roƙona wani abu na kicin ba, ɗauka kawai yake yi. Na miƙa masa. Ya fere ƙasan ya cusa a tiyo. In zai ɗaura fulogi, sai ya ɗora haƙoransa a saman sandar, ya murza ta tsakanin tafukansa yadda nake burga miyar kuka. Ƙas ɗin da yatsu suka daina ji, haƙori yana ji. Ranar da dabarar ta yi aiki ya shigo yana dariya kamar yaro, ni kuma na juya baya ina share ido na ce hayaƙi ne.

Sai dai ba ya yi a gaban mutane. Ya ce babba da shi, da furfura, a gan shi da sanda a baki cikin inji, gobe tasha ta ɗauka. Don haka in mai mota ya zo, sai ya ce ya je ya yi salla ko ya sha shayi ya dawo.

Akwai wani direba, abokinsa tun suna samari, da ke jigilar mutane tsakanin Azare da Katagum. Motarsa irin mai shidan nan ce, kuma ba wanda ke taɓa ta sai Malam. Ya zo wata safiya injin yana ɓari. Malam ya kwance fulogan ya kawo sababbi, ya ce masa ya je ya karya. Mutumin ya ce ya karya a gida. Ya jingina da motar ya buɗe hira, daga ambaliyar bara sai tsadar taya. Ina jin su. Na san maburgin yana cikin akwatin kayan aiki, na kuma san ba zai fito ba. Na yi maza na zuba kunu na ajiye a zaure, na ɗaga murya na ce, "Alhaji, ga kunu a zaure, a shigo a sha." Ya ce, "Na gode, Hajiya, azumin nafila zan fara gobe, yau kuwa cikina a cike yake. Bari in taya ɗan'uwana hira." Ji na yi kamar in watsa masa kunun.

Malam ya ɗago ya dubi tagata sau ɗaya. Sannan ya zura tiyo da yatsunsa. Cikin ukun bayan, biyun farko Allah ya rufa asiri. Na ƙarshen, na can lungu, na ga ya murza baya ya daɗe, ya tsaya, ya yi gaba. Ya ɗauko hannun ludayina ya fara ɗaurewa. Na ga kafaɗarsa tana sa ƙarfi inda bai kamata a sa ba, sai kuma ƙarfen ya tafi sakwaf. Ya rufe injin kamar komai lafiya. Direban ya tayar da mota, ta ɗan yi kamar za ta zauna, sai muka ji fam, fulogin ya yi tsalle ya fito da haƙoran ramin a jikinsa.

Da mutumin ya yi faɗa, da na ji sauƙi, don ina da bakin rama wa mijina. Bai yi ba. Ya dubi hannun Malam, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ƙaddara ce, ɗan'uwa. Kar ka sa a ranka." Aka ja motar zuwa wani gareji. Har yau yana aiko mana da busasshen kifi daga Katagum, amma motarsa ba ta sake tsayawa a inuwarmu ba. Sauran ma a hankali suka ɗauke ƙafa. Ba wanda ya faɗi baƙar magana, gaisuwa ma ƙaruwa ta yi.

Bayan 'yan kwanaki na dawo daga unguwa na tarar da faranti a kan turmina. Madubina ne a kai, an cire shi daga waya an goge. Ga maganaɗisu, ga guntayen tiyo an wanke da sabulu. Ga hannun ludayi, ya sa an yanke soket ɗin an miƙar da shi. Ga maburgi, samansa duk shaidar haƙori. Yana tsaye a bakin ƙofa ya ce, "Ga kayanki, na ce miki aro na yi."

Na hau shi da faɗa. Na ce me zan yi da ludayin da ba kai, uban wa zai sha miya da shi? Na kwashe su na mayar akwatinsa. Washegari na same su a kan turmi. Na sake mayarwa, suka sake dawowa, har na gaji na bari.

Yanzu in na ɗaga kai daga tukunya, gaba ɗayansa nake gani, zaune a benci, hannuwa a cinya. Cokali ko ɗaya bai sake ɓata mini ba. Na sayi sabon ludayi mai dogon hannu, ƙarfe mai kyau, irin wanda da can ba zai kwana a kicin ɗina ba. Nakan ajiye shi a bakin taga ta waje, inda idonsa zai kai. Da yamma sai ya shigo da shi a hannu, ya ce, "Kin manta wannan a waje."