Sun ce Bitrus yana raye

Jama'a, ku taya ni da addu'a!

Da safe na je makarantar firamare a nan Jambutu, inda ake tantance matan da mazansu suka rasu don tallafin wata-wata. Kun san tun ranar da muka gudo daga Michika ban sake ganin mijina Bitrus ba. Har addu'ar mamaci mun yi masa a coci.

Da layi ya zo kaina, ma'aikaciyar ta buga sunana da nasa a kwamfuta.

Ta ce, "Mama, ba ki cancanta ba."

Na ce, "Saboda me, 'yata?"

Ta ce, "Mijinki yana raye. Ya yi rajistar tallafin manoma a Mbamba, har ya sa sunanki a matsayin matarsa."

Wayyo Allah! Wata Hajiya da ke bayana ta tare ni tana cewa, "Sannu Adda, zauna."

Na roƙa a nuna min hoto. Wani tsoho ne ramamme, duk furfura, hoton kuma dishi-dishi. Amma tabon goshin nan irin na Bitrus ne sak!

Ma'aikaciyar ta ce kada in sa rai, wani lokaci ana satar sunan mamaci.

Ban faɗa wa yara ba. Ina cikin keke yanzu, mun nufi Mbamba. In shi ne, wallahi ban san me zan fara ce masa ba.